Talabijin a matsayin allon kwamfuta: gefe ya yanke, rubutu ya dushe, linzami na jan ƙafa

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Masana, ina neman haske. Na haɗa laftof da talabijin mai inci 43, irin 4K ɗin nan, ta wayar HDMI, da niyyar ya zama allon aiki: rubutu, Excel, karatu a intanet. Hoto ya fito, amma da matsala uku. Gefunan allon sun yanke, layin ƙasa na Windows rabinsa ya nutse, agogon kusurwa ma ba a ganinsa. Ƙananan haruffa kamar an shafa musu ruwa, jan rubutu a kan shuɗi kuwa ba ya karantuwa sam. Sannan linzami yana biyo hannu a makare. Fim dai lafiya lau yake fitowa.

Laifin waya ne, ko na laftof, ko dai talabijin bai dace da wannan aiki ba tun asali? Akwai kuma tsohuwar kwamfutar tebur mai ramin VGA kaɗai da nake so in haɗa da wani talabijin mai inci 32. Za ta yiwu?

Mai Gyaran Allo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi saurin ɗora wa waya laifi. Da ka ce fim na fitowa lafiya, ka riga ka nuna inda matsalar take. An ƙera talabijin ne don mai kallo daga kujera, mita biyu ko uku, shi ya sa duk hoton da ya shigo sai ya yi masa kwalliya kafin ya nuna: ya ɗan faɗaɗa shi, ya kaifafa gefuna, ya rage bayanin launi, ya gyara motsi. A fim ba a lura. A rubutu kuwa kowane ɗigo, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama hoton allo, da aikinsa, da an taɓa shi harafi ya lalace. Abin da za ka yi shi ne ka bi kwalliyar nan kana kashewa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka ɗauki rimot, danna maɓallin Windows tare da P. In a kan Duplicate yake, kwamfutar tana aika wa talabijin girman hoton allonta ne, 1366×768 ko 1920×1080, shi kuma yana ja yana buɗawa har ya cika ɗigo 3840×2160, wato 4K. Zaɓi Extend ko Second screen only, ka shiga saitin Display, ka taɓa allon talabijin ɗin, ka sa shi a 3840×2160. Sau da yawa rabin dushewar nan take tafiya.

Yankewar gefe gado ce daga zamanin talabijin mai doro. A wancan lokaci gefen hoton da tasha ke watsawa yakan zo da datti, sai akwatin ya ɗan ƙara girman hoton don dattin ya faɗa waje. Sunan abin overscan, kuma yakan cinye kamar kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ta kowane gefe. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga ɓoye agogo ba: tunda an faɗaɗa hoton, ɗigon kwamfuta ba ya sauka daidai a kan ɗigon talabijin, kowane harafi sai ya baje. Ana kashe shi a saitin girman hoto, sai dai kowane kamfani da sunan da ya laƙaba masa. LG na cewa Just Scan, Samsung na cewa Screen Fit ko Fit to Screen, Sony na cewa Full Pixel, Sharp na cewa Dot by Dot. Manhajar katin hoto (ɓangaren kwamfuta mai fitar da hoto) ma tana da wurin da ake matse hoton har gefen ya dawo, amma kada ka bi ta nan sai in babu wata hanya. Kwamfuta ta matse, talabijin ya buɗa, an taɓa hoton sau biyu ke nan.

Jan rubutun da ba ya karantuwa kuwa labarinsa daban ne, kuma nan ne yawancin mutane ke saduda su ce talabijin bai iya ba. Idon ɗan'adam ya fi gane bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi. Masu tsara bidiyo sun yi amfani da wannan don rage nauyin sigina: kowane ɗigo yana da nasa bayanin haske, amma ɗigo huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, suna tarayya a bayanin launi guda. Shi ne ake rubutawa 4:2:0. In ɗigo biyu ne ke tarayya, 4:2:2 ke nan. Baƙin rubutu a kan fari yakan tsira, tunda bambancin na haske ne. Ja a kan shuɗi, wanda sandar harafinsa ɗigo ɗaya ce ko biyu, sai launinsa ya zube cikin na maƙwabcinsa. Abin da kake nema shi ne 4:4:4, ko RGB, inda kowane ɗigo ke riƙe da launinsa. Sai abu uku sun haɗu ake samunsa.

Na farko, ka sanar da talabijin cewa kwamfuta ce a ramin. Shiga jerin hanyoyin shigowa, ka canza suna ko alamar wannan HDMI ɗin zuwa PC. Abin kamar wasa, amma a talabijin da yawa wannan ne ke buɗe cikakken launi, ya kuma kashe overscan da kaifafawa a lokaci guda.

Na biyu, ka buɗe wa ramin cikakken ƙarfinsa. Yawancin talabijin na 4K suna zuwa da ramukan a tsohon tsari don su jitu da tsofaffin dikoda. Samsung na kiran saitin Input Signal Plus, a tsofaffinsu HDMI UHD Color. LG na cewa HDMI Ultra HD Deep Colour. Sony na cewa Enhanced format. Rami-rami ake kunna shi, kuma a wasu akwatunan ba duka ramukan ke da shi ba, saboda haka duba rubutun da ke gefen kowanne.

Na uku, a manhajar katin hoto, ko Nvidia ne ko AMD ko Intel, ka zaɓi RGB, 8 bit.

Sai maganar linzami. A Advanced display duba sau nawa hoton ke sabuntawa a daƙiƙa. In ka ga 30, ga dalili: HDMI 1.4 yana ɗaukar gigabit 10.2 ne a daƙiƙa, wanda ya ishi 4K sau 30 kawai. 4K sau 60 da cikakken launi sai HDMI 2.0, wanda ya fito a 2013 da gigabit 18. Akwai ma katin hoton da ke cusa 4K sau 60 ta tsohon rami ta hanyar sauke launi zuwa 4:2:0, ka ga motsi ya yi kyau, rubutu ya lalace. In ramin laftof ɗinka 1.4 ne, babu wayar da za ta ɗaga shi. Ko dai ka sauko 1920×1080 sau 60, wanda ke raba 4K daidai, ɗigo ɗaya a kan huɗu. Ko ka fita ta USB-C da adafta mai 4K sau 60, in ramin yana fitar da hoto. Ba kowane USB-C ke yi ba, sai mai DisplayPort ko Thunderbolt a cikinsa.

Waya ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma. Nemi wadda aka rubuta Premium High Speed, mita biyu ko uku. Wayar da ta gaza ba ta dusar da hoto. Alamarta fararen ɗigo masu walƙiya, ko allo ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo.

Ɗigo-Ɗigo ya rubuta:

Malam Mai Gyaran Allo ya yi bayani mai gamsarwa, amma a kan linzami akwai saura. Tsalle daban, makara daban. In linzami na tafiya da tsalle-tsalle, matsalar sau 30 ce. In yana tafiya sumul amma a bayan hannu, kamar ana jansa da roba, wannan jinkirin sarrafa hoto ne. A sau 60, hoto ɗaya yana ɗaukar milisakan 16.7. Talabijin da ke ƙirƙiro hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi dole ya riƙe hoto biyu ko fiye ya kwatanta su kafin ya nuna, sai jinkirin ya kai milisakan 80, 100, har fiye. Kunna Game Mode, a sababbin akwatuna yakan sauko da shi tsakanin 10 da 20. Ka tabbata kuma santsin motsin a kashe yake: TruMotion a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Haka duk wani abu mai suna Noise Reduction ko Dynamic Contrast. A wasu akwatunan alamar PC da Game Mode suna tafiya tare, a wasu sai ka kunna kowanne da kansa, kuma saitin na ramin da kake kai ne kaɗai. Ka sauya rami, ka koma farko.

Inda ban yarda gaba ɗaya ba shi ne a ce saiti na gyara komai. Akwai abin da rimot bai isa ya taɓa ba, wato yawan ɗigo a kowane inci. Monita mai inci 24 da 1920×1080 yana da kamar 92. Talabijin ɗinka mai inci 43 da 4K yana da kamar 102, ya ma fi, kuma daidai yake da a jera allo huɗu masu inci 21.5, biyu a sama biyu a ƙasa. Shi ya sa inci 43 ya fi kowane girma dacewa da tebur. Mai inci 55 da 4K ya sauko 80. Mai inci 43 da 1080 kawai yana da 51, a nan kana zaune za ka riƙa ƙirga ɗigon da ido.

Mai inci 32 ɗin da ka ambata kuwa, duba bayansa ko takardarsa. In an rubuta HD Ready, kusan tabbas ainihin allonsa 1366×768 ne, ɗigo 49 a inci. Zai karɓi 1080, har ya gaya wa kwamfuta cewa shi ya fi so, amma matsewa yake yi. Ba shi 1366×768, ko 1360×768 in shi ne a jerin, rubutu zai fi tsabta duk da wurin aiki zai ƙuntata. Don kallon darasi ko nuna wa jama'a abu daga nesa ya isa. Don zaman Excel na awa shida, ni ban ba da shawara ba.

Nisa ma a lura da shi. Faɗin allo mai inci 43 ya kai santimita 95. In ka zauna a santimita 60 kamar gaban monita, wuya ne zai biya kuɗin, gefunan kuma za ka riƙa ganinsu a karkace, launinsu ya koɗe, musamman a nau'in allon da ake kira VA. Ja baya zuwa santimita 80 ko mita ɗaya. In teburin bai da zurfi, rataye shi a bango, kuma ƙasa-ƙasa, yadda idonka zai daidaita da kashi ɗaya cikin uku na sama. Windows kan sa girman rubutu a kashi 300 in ya ga talabijin na 4K, don yana zaton daga nesa ake kallo. Mayar da shi 125 ko 150.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Bari in ɗauki ta VGA, tunda an bar ta. Za ta yiwu, yaro, amma a san abin da ake saye.

In talabijin ɗin yana da ramin VGA, wani lokaci a rubuta PC ko RGB a kansa, haɗa kai tsaye. VGA ba ya ɗaukar sauti, sai ka ƙara siririyar waya mai kan milimita 3.5 daga kwamfuta zuwa ramin sautin da ke kusa da shi. In hoton ya goce gefe ko haruffa na rawa, nemi Auto Adjust a saitin talabijin, shi ke daidaita shi.

In babu ramin, sai na'urar juya sigina, domin VGA analog ne, HDMI dijital, waya zalla ba ta haɗa su. Nan ake yawan asara: na'urar hanya ɗaya take bi. Wadda aka fi gani ita ce mai karɓar HDMI ta fitar da VGA, don haɗa sabuwar kwamfuta da tsohon monita. Kai kishiyarta kake nema, mai karɓar VGA ta fitar da HDMI. Za ka gane ta da ƙarin wayoyi biyu, ta USB don wuta da ta sauti. Iyakarta galibi 1920×1080.

Amma leƙa bayan kwamfutar da kyau tukuna. In akwai farin rami mai faɗi, DVI ne, kuma irinsa na dijital yare ɗaya suke yi da HDMI, waya mai kai biyu ta wadatar, hoton kuma ya fi na VGA tsabta nesa ba kusa ba. Sauti ne dai galibi ba ya bi. In DisplayPort ne, shi ma akwai adaftarsa zuwa HDMI, ita ma hanya ɗaya take bi, kuma don 4K sau 60 a nemi wadda aka rubuta active.

Ramukan nan uku, rawaya da ja da fari, a manta da su. Rawayan layi 480 ko 576 yake ɗauka, haske da launi a cakuɗe cikin waya guda. Hoto zai fito, rubutu ba zai karantu ba.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: kashe kwamfutar tebur da talabijin kafin ka cusa ko ka zare HDMI, musamman in soket ɗin ba shi da layin ƙasa na wuta (earth), ko akwai wayar eriya ko ta dish a jikin talabijin. Bambancin wuta tsakanin jikin na'urorin biyu yana iya bi ta ramin ya ƙona shi. In kana jin ɗan girgiza a yatsa idan ka taɓa ƙarfen kan wayar, gyara wutar kafin komai.

Sabon Shiga ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi. Na sa PC, na kunna saitin ramin, yanzu 3840×2160 sau 60, gefe ya dawo, jan rubutu ya fito tas, linzami ya daina jan ƙafa. Saura biyu: baƙi ya koma toka-toka kamar an yi hazo, sannan in kwamfuta ta yi barci talabijin sai ya rubuta babu sigina ya mutu, in ta farka ba ya tashi, tagogin da na jera duk sun tattaru wuri guda. Sauti kuma har yanzu daga laftof yake fita.

Malama Mai Lissafi ta rubuta:

Amin, ɗan'uwa. Hazon nan rashin jituwa ne a kan ma'auni. Kwamfuta na ƙirga haske daga 0 zuwa 255, sifili baƙi ƙirin, 255 fari fat. Bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235 yake ƙirgawa. In kwamfuta ta aiko da gajeren ma'auni talabijin yana jiran cikakke, baƙin da ta aiko a matsayin 16 sai ya nuna shi toka, fari ma ya dushe. Abin da kake gani ke nan. In aka juya, kwamfuta na aiko da cikakke shi yana jiran gajere, duk abin da ke ƙasa da 16 sai ya dunƙule ya zama baƙi, inuwa ta haɗiye komai. Wasu na ganin haka su ce hoto ya yi kyau, alhali bayani ne ya ɓace.

Sa ɓangarorin biyu a abu ɗaya. A Nvidia, ƙarƙashin Change resolution, mayar da Output dynamic range zuwa Full. A AMD zaɓi Pixel Format mai Full RGB. A Intel sunansa Quantization Range. A talabijin nemi Black Level: a Samsung Normal ne cikakke, Low gajere, a LG High ne cikakke. Auto yakan dace, amma ba kullum ba.

In ka yi haka hazon bai tafi ba, duba ko HDR, tsarin nan mai faɗaɗa tazarar haske da duhu, a kunne yake a Windows. Talabijin da yawa suna karɓar HDR ba tare da suna da hasken nuna shi ba, sai fuskar kwamfuta ta koɗe. Ga kuma wata: 4K sau 60 da 10 bit ɗin da HDR ke amfani da shi da cikakken launi ya fi ƙarfin gigabit 18, saboda haka a HDMI 2.0 kunna HDR na iya mayar da kai 4:2:2, rubutun da ka gyara ya sake lalacewa. Kashe shi lokacin aiki.

Barcin kuwa hali ne na talabijin, ba lalacewa ba. Monita yana jin lokacin da kwamfuta ta kwanta da lokacin da ta tashi. Talabijin bai san wannan ba, shi dai sigina ta ɗauke, ya jira 'yan mintuna ya kashe kansa, sai rimot. Hanyar da dikoda ke tashinsa, HDMI-CEC, yawancin katunan hoto na kwamfuta ba su da ita. Tagogin na tattaruwa ne don Windows ya ɗauka an zare allon. Windows 11 yana da zaɓin tuna wurin tagogi a ƙarƙashin Multiple displays, kunna shi. Ko kuma ka hana allo kashe kansa a saitin wuta, ka riƙa kashe talabijin da hannu in za ka tashi. In kana so ka rufe murfin laftof ka ci gaba da aiki, a Power Options mayar da aikin rufe murfi zuwa Do nothing, amma kada ka toshe mata hanyar iska.

Sauti: taɓa alamar lasifika kusa da agogo, ka zaɓi sunan talabijin a jerin.

Mai Gyaran Allo ya rubuta:

Malama ta gama da waɗannan. Ƙari kaɗan don ido, tunda zaman aiki za ka yi. Fita daga Vivid ko Dynamic, an yi su ne don akwati ya yi fice cikin 'yan'uwansa a wurin sayarwa. Rage Backlight, ba Brightness ba. A akwatuna da yawa na biyun matsayin baƙi yake taɓawa, ba ƙarfin fitila ba. Buɗe farin shafi, ka riƙe farar takarda kusa da shi, ka rage har haskensu ya yi kusa. Launin fari ka sa Warm. Kwana biyun farko zai yi maka kamar ja-ja, daga baya shuɗin da ka baro ne zai dame ka. Sharpness ka sauke har farin zoben da ke kewaye da haruffa ya ɓace. A wasu sifili ne daidai, a wasu tsakiyar ma'aunin, ƙasa da haka dusarwa yake yi.

In bayan duk wannan kana ganin siririn ja ko kore a gefen baƙaƙen haruffa, ɗauki hoton farin wuri a allon da kyamarar waya, kusa sosai, ka buɗa shi. Kowane ɗigo sanduna uku ne. A monita jerin yakan zama ja, kore, shuɗi. A talabijin da yawa a juye yake, shuɗi ne farko. Windows na gyara gefen haruffa bisa zaton jerin monita. Rubuta ClearType a wurin bincike, ka bi matakan kana zaɓar samfurin da ya fi fitowa a idonka. Ba duka manhajoji ke bin wannan saitin ba, a waɗanda suka ƙi sai ka ɗaga girman rubutu zuwa 150, launin gefen yakan ragu har a daina lura.

In talabijin ɗin OLED ne, irin wanda kowane ɗigo ke ba da haskensa da kansa, sa layin ƙasa na Windows ya riƙa ɓuya da kansa, kuma kada ka bar taga ɗaya a wuri ɗaya yini guda da haske a sama, don abin da ya daɗe bai motsa ba yana iya barin tabo. In LCD ne mai fitilar LED, kamar yawancin masu inci 43, wannan bai shafe ka ba.